Wai me ya sa sauro ke zaɓen mutum ɗaya a ɗaki ya ƙyale sauran?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah tambaya gare ni ga masu ilimin lafiya a cikinmu. Tun da damina ta zauna a nan unguwar Rikkos ta Jos sauro ya sa mu gaba, amma abin da ke ɗaure min kai shi ne yarana biyu katifa ɗaya suke kwana, yarinyar ta tashi ƙafafunta duk tabon cizo tana ta susa har wani wajen ya zama ciwo, ƙaninta kuwa ko ɗigo babu a jikinsa. Kakarsu ta ce jininta ne mai zaƙi wai haka babanta yake tun yana ƙarami. Da gaske akwai jini mai zaƙi? In akwai abin da zan daina ba ta ku faɗa min.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Maman Ikram. Ki je a duba rukunin jininta, na tabbata O ce. Ni O ne kuma duk inda aka zauna hira da daddare ni ne abincinsu, sauran mutane na zaune lafiya ni ina ta marin ƙafa.

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam. Hajiya kakar yara ta gano rabin gaskiya, akwai mutanen da sauro ya fi so kuma abin yana bin gida, amma maganar zaƙin jini ce babu. Ku duba mana, sauro ba ya ɗanɗana jininki sai ya riga ya sauka ya huda fata, to tun kafin nan da me ya zaɓe ki? Da wari. Macen sauro ce kaɗai ke cizo saboda tana buƙatar jini ta yi ƙwai, namijin ruwan fure yake sha, kuma ita macen farautarta hawa hawa ce. Daga nesa iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi take fara ji, kabon dayoksaid, wannan shi ke tashinta ya ce mata akwai mai rai a kusa, sai ta bi iskar. In ta matso sai warin fata ya karɓa, in ta zo dab sai ɗumin jiki da laimar zufa su nuna mata inda za ta sauka. Kamar mutum ne ya biyo ta kasuwar Terminus da yamma, hayaƙi ya gaya masa akwai masu tsire a layin, amma ƙamshi ne zai kai shi teburin da zai tsaya. Numfashi kowa na yi, a wajen warin fata ne ake bambanta.

Maman Ikram: Malam wari kuma? Wallahi yarinyar nan wanka biyu take yi kullum, ni ba na wasa da tsaftarsu.

Malamin Bayoloji: Allah ya huci zuciyarki, ba ƙazanta nake nufi ba sam. Fatar kowane ɗan Adam tana fitar da wani maiƙo da ke hana ta bushewa, ga zufa mai ɗauke da laktik asid da amoniya, sannan akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kan fatar kowa, sarki da talaka, suna cin wannan maiƙon suna sakin wasu sinadarai da ke tashi a iska, hancinmu ba ya kama yawancinsu amma sauro na kamawa. A 2022 masu bincike a Jami'ar Rockefeller da ke New York suka sa mutum 64 suka riƙa ɗaura safar nailan a damtsensu ta sha warin jikinsu, sai a sa safar mutum biyu a gaban sauro a ga wacce za su bi. Akwai wani da suka ba lamba 33, safarsa ta ja sauro ninki 100 a kan ta wanda sauro ya fi ƙi. Da suka auna sai suka ga masu jan sauro suna da yawan wasu sinadarai da ake kira kaboksilik asid a maiƙon fatarsu. Abin da ya fi ba ni mamaki a aikin nan shi ne an sake gwada wasu daga cikinsu bayan shekaru kuma ba su canza ba, mai jan sauro yana nan yana ja. Maganar gado kuma a 2015 an gwada tagwaye a Ingila, tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya masu kama sak sauro yana son su ko ƙin su kusan daidai, waɗanda ba su da wannan kamar kuwa kowa da nasa. To ga inda maganar kaka ta tsaya da ƙafarta.

Baban Sadiq: To Malam ai ba ka taɓa maganar O ba. Ni dai na karanta a Facebook har da sunan bincike.

Mai Kemis na Bauchi Road: Baban Sadiq binciken akwai shi, a Japan aka yi a 2004, amma mutane kaɗan ne kuma da wani sauro na can Asiya ba namu mai kawo maleriya ba, wasu da suka gwada daga baya sun samu sakamako daban daban, wannan ya ce O wancan ya ce wani rukunin. Sannan ka tuna a Najeriya O ɗin ne ya fi yawa, kusan rabin mutane, to in ka tara masu kuka da sauro dole ka samu O da yawa a ciki, in ka tara waɗanda ba sa kuka ma haka za ka samu. Kada Maman Ikram ta kashe kuɗin gwaji a kan abin da ba zai canza komai ba.

Baban Sadiq: Hmm. Ni dai jikina ya gaya min.

Ɗan Gangare: Ni fa akasin haka nake, sauro ba ya cizona ko kaɗan. Gidan sauron da aka raba mana ma a shingen lambu na sa shi yana kare min tumatir daga kaji. Haka Allah ya yi ni.

Anti Nos: Ɗan Gangare wannan maganar taka ce ta sa na ajiye abin da nake yi. Dan girman Allah ka ciro gidan sauron nan ko ka nemi wani. Rashin ƙaiƙayi ba shi ne rashin cizo ba. In sauro ya huda fata yawunsa yake zubawa don kada jinin ya daskare, kumburi da ƙaiƙayin nan jikinka ne ke faɗa da yawun, to wani jikin yana tashi da ƙarfi wani kuma ya saba har ba ya nuna komai, musamman manya da suka daɗe ana cizonsu. Ƙwayar maleriya kuma cikin wannan yawun take shiga, ko ka ji ko ba ka ji ba. Maman Ikram ke ma ki riƙe wannan, zai iya yiwuwa yarinyar ta fi jan sauro da gaske, zai kuma iya yiwuwa ana cizon su biyun ita ce fatarta ke nunawa, saboda haka kada ki saki jiki da ƙanin. Mu da muke ganin yara ana kawo su jiki na rawa jini ya ƙare idanu sun yi fari fat, ba ma son jin kalmar nan ta ba ya cizona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duk duniya 'yan Najeriya ne.

Ɗan Gangare: To Anti na ji. Amma in babban mutum ne fa da ya saba?

Anti Nos: Kai ka saba, jaririn da ke ɗakin bai saba ba. Kana iya yawo da ƙwayar a jininka ba ka jin komai, sauro ya ɗauka daga jikinka ya kai masa.

Malamin Bayoloji: Bari in ɗora a kan maganar Anti don nan ne abin ya fi tayar min da hankali. A 2005 an yi gwaji da yara a yammacin Kenya, aka ga yaran da ke ɗauke da ƙwayar maleriya a matakin da take shirye ta koma cikin sauro suna jan sauro kusan ninki biyu a kan sauran yara, da aka ba su magani suka warke sai bambancin ya ɓace. A 2018 wani aikin a Kenyar dai ya nuna warin fatar masu ƙwayar yana ƙara wasu sinadarai da ake kira aldihaid waɗanda sauro ke so. Ma'ana ita cutar da kanta tana canza warin mutum ta yadda sauro zai zo ya kwashe ta ya kai gaba. Shi ya sa yaro mai zazzaɓi ya fi kowa buƙatar gidan sauro a daren nan, amma mu sai a ce jikinsa da zafi a fito da shi tsakar gida ya sha iska.

Anti Nos: Haka ne wallahi. Ga masu juna biyu ma. A Gambiya a shekarar 2000 aka gwada, mace mai ciki tana jan sauron maleriya ninki biyu a kan wadda ba ta da shi, numfashinta ya ƙaru jikinta ya fi ɗumi, ga yawan fita fitsari da dare da ke sa ta bar gidan sauron. Shi ya sa muke nacin a zo awo a karɓi maganin kariya, ba don mu wahalar da kowa ba ne.

Hajiya Babba: Sannunku yara, na karanta duka a hankali. Mu dai da muka taso a garin nan ba mu san wannan sauron ba haka, sanyin Jos kaɗai ya ishe shi, sai in ka gangara Lafiya ko Shendam ka ji a jikinka. Kuma iyayenmu da magariba za a sa garwashi a kasko a zuba ganyen darbejiya ko busasshen ɓawon lemu ko sarakuwar sauro a zagaya ɗaki, a kwana lafiya. Malam wannan ma ƙarya ce a boko?

Malamin Bayoloji: A'a Hajiya ba ƙarya ba ce, Allah ya ƙara girma. Hayaƙi da ƙamshin ganye suna rufe warin mutum suna rikita sauro, wasu ganyen ma suna da mai da ke korarsa da gaske. Matsalar ita ce lokaci, hayaƙin zai lafa kafin a yi nisa da barci, shi kuwa Anofilis mai kawo maleriya aikinsa ya fi ƙarfi daga tsakar dare zuwa asuba lokacin da kasko ya huce tuntuni. Kuma ina roƙo kada a kulle ƙofa da taga da garwashi a ɗaki saboda sanyi, iskar gawayi tana kashe mutum cikin barci ba tare da ya farka ba. Maganar ganye ta tuna min da wani aiki da aka buga a 2023, a Macha ta ƙasar Zambiya tare da Jami'ar Johns Hopkins. Sun gina wani ƙaton keji na raga, mutum shida suka kwana kowa a tantinsa a waje ana turo iskar tantin ta bututu zuwa cikin kejin, sai a saki Anofilis da dare a ga inda za su taru. Dare bayan dare mutum ɗaya suka fi bi, shi ma mai yawan kaboksilik asid ɗin nan, sannan akwai wanda suka fi gudu, shi kuma warinsa cike yake da yukaliftol, sinadarin da ke cikin ganyen itacen turare irin waɗanda aka shuka birjik a tsofaffin filayen kuza nan Filato. Masu binciken sun yi zaton daga abincinsa ne.

Baban Sadiq: To shi kenan mu fara dafa ganyen turare muna sha!

Mai Kemis na Bauchi Road: Kul Baban Sadiq, kada wani ya gwada. Mutum ɗaya ne fa a binciken kuma zato suka yi, man ganyen turare in aka sha guba ne, yaro ƙarami cokali kaɗan zai iya sa shi farfaɗiya. Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ake yawan tambayata a shago, tafarnuwa da bitamin B an gwada su ba sa hana cizo, haka rage sukari ba zai canza komai ba, Maman Ikram kada ki hana yarinya abinci a banza. Abin da aka tabbatar yana ƙara jan sauro ta baki shi ne giya, a Burkina Faso aka gwada da burkutun dawa irin nasu aka buga a 2010.

Maman Ikram: Na gode. To me ya sa a ƙafa ne kawai? Daga idon sawu zuwa ƙauri, fuska da hannu kusan babu.

Malamin Bayoloji: Wannan halin Anofilis gambiye ne, wato babban mai raba maleriya a Afirka. Yana tashi ƙasa ƙasa kuma yana matuƙar son warin ƙafa, don tsakanin yatsu akwai laima bakteriya na samun wurin zama. Wani masani ɗan Holan mai suna Bart Knols ya zauna ya bar sauro suna cizonsa yana lura da inda suke sauka, yawanci ƙafa da idon sawu, da ya wanke ƙafar da sabulu sai cizon ya bazu ko'ina a jiki. Daga baya ya gano wani cuku na Turai mai suna Limburger yana jan su sosai saboda bakteriyar da ake yin cukun da ita 'yar'uwar ta ƙafar mutum ce. Daga irin wannan aikin ne aka fara haɗa tarkon sauro mai warin mutum, har da safar da aka sa aka cire ana amfani da ita a matsayin koto. Kuma a 2011 a Jami'ar Wageningen suka ga ba yawan bakteriya kaɗai ba ne, wanda fatarsa ke da bakteriya iri iri masu yawa sauro bai cika son sa ba, wanda iri kaɗan suka mamaye shi ne suke bi.

Ustaz na Anguwar Rogo: Ke nan alwala kafin barci tana da wannan fa'idar ma, bayan ladan sunna.

Malamin Bayoloji: Tana ragewa Ustaz, wanke ƙafa da cire safa mai zufa daga ɗakin kwana duk suna taimakawa, sai dai fata ba ta daina aiki, cikin 'yan awanni warin ya dawo. A yi alwala a kuma shiga gidan sauro. Sabulu ma ba a gama gane shi ba, a 2023 a Virginia Tech sun ga wasu sabulai masu ƙamshin fure suna ƙara jan sauro a jikin wasu mutane, mai ƙamshin kwakwa kuma ya rage, amma mutum huɗu kacal aka gwada saboda haka ba abin da za a gina hukunci a kai ba ne.

Ɗalibin Vom: Salam manya, ku ba ni dama in shigo da ɓangarenmu na dabbobi don abin ba a sauro ya tsaya ba. Ƙudan tsando mai kawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane shi ma da wari yake farauta, numfashin saniya da fitsarinta ne ke kiransa, shi ya sa tarkonsa ake yin sa da shuɗi da baƙin ƙyalle a ajiye fitsarin shanu ko sinadarin asiton a gindinsa. Abin sha'awa kuma a Zimbabwe an daɗe da gano cewa tsandon daji warin mutum korarsa yake, laktik asid ɗin nan da ke taimaka wa sauro ya same mu shi kuma ba ya son sa, in mutum ya tsaya kusa da saniya ƙudan da ke zuwa raguwa suke. Na bakin rafi ne ba ruwansa da wannan, shi yake cizon masu wanki da masunta. Cibiyar binciken sammore ta ƙasa tana da reshe nan Vom, hedikwatarta na Kaduna.

Maman Walid: Kuɗin cizo fa? Yarona ya dawo daga makarantar kwana da su a akwati mun sha fama.

Ɗalibin Vom: Su ma numfashi da ɗumi da warin jiki ne ke fito da su daga ramukan gado. A Jami'ar Sheffield a 2017 an gwada jakar kayan da aka sa da jakar wankakku, suka fi shiga ta masu dauɗa, shi ya sa suke bin akwatin ɗalibai da matafiya. In ya dawo hutu a wanke kayan da ruwan zafi a shanya akwatin a rana kafin ya shiga ɗaki.

Hajiya Babba: Ni har yanzu tambayata ita ce daga ina sauron nan ya cika garin, ko ramukan kuza ne?

Malamin Bayoloji: Ramukan sun daɗe Hajiya, tun zamanin Turawa suke. Na maleriya ya fi son ɗan ruwan sama da ya kwanta a rana, sawun taya a hanya, ramin da aka haƙa aka buga bulo, kwamin lambu. Mai kukan nan a kunne da ke hana barci yawanci Kyuleks ne na kwata da masai, shi ke ƙaruwa in gari ya cika magudanai suka toshe. Akwai kuma mai zanen fari a ƙafa da ke cizo da rana, Edis, mai kawo shawara da dengi, shi tsohuwar taya da gwangwani da randar da ba a rufe ba sun ishe shi, 'yan'uwanmu masu sana'ar taya su lura da wannan. Jos na kan tudu kusan mita 1,200 shi ya sa muke da sauƙi a kan na gangare, amma sauƙi ne kawai.

Direban Jos Abuja: Ni matsalata daban ce, sau da yawa a tasha nake kwana cikin mota ko kan benci babu inda zan ɗaura gidan sauro. Wani ya ce in shafa ota fiya fiya kaɗan a ƙafar wando.

Mai Kemis na Bauchi Road: Subhanallah, kada ka kuskura Direba. Wannan maganin ƙwari ne na gona, yana ratsa fata yana taɓa numfashi da jijiyoyi, ko a ɗaki bai kamata a yayyafa shi inda mutane ke kwana ba balle a jiki. Ka nemi man shafawa da aka rubuta DEET ko Picaridin a jikin kwalbar, su aikinsu shi ne rikita hancin sauro har ya kasa sauka a kanka, DEET tun 1957 jama'a ke amfani da shi. Ka shafa a inda tufa ba ta rufe ba musamman ƙafa da idon sawu da wuya, ban da ido da baki da wurin ciwo, ka sa safa mai tsabta da dogon wando mai kauri. Ka duba awannin da aka rubuta a kwalbar don mai ƙaramin kaso ba ya kai asuba, in ka farka cikin dare ka ƙara.

Direban Jos Abuja: Yara ma za a iya shafa musu? Wani lokacin da iyali nake tafiya.

Anti Nos: Za a iya in yaro ya wuce wata biyu, amma ke uwa ko kai uba ku zuba a tafin hannunku ku shafa masa, kada a sa a hannunsa don zai kai baki, da safe a wanke. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu sai dai a lulluɓe shi da raga. Akwai ƙaramin gidan sauro mai naɗewa da ke tsayuwa da kansa ba sai an ɗaura ba, ka tambaya a kasuwa wajen masu kayan jarirai, har na manya ana samu kuma zai shiga but ɗin motarka.